Babi na Uku: Alƙalamin Ƙarfe da Dutsen Washi

Hanyoyi uku ake bi a yi wa ƙarfe ado da zane, kuma ya kamata mai son koyon aikin ya bambance su tun kafin ya kashe ko sisi a kan kayan aiki. Ta farko ita ce bugu: a ɗora kurfi marar kaifi a kan ƙarfen, a doka da guduma, wurin ya lotsa, amma babu abin da ya fita daga jikinsa. Yawancin adon farantan tagulla na Bida haka ake yin sa, shi ya sa in ka juya farantin za ka ga shatin zanen a bayansa. Ta biyu ita ce ci da asid: a lulluɓe ƙarfen da kaki, a karce zanen a jikin kakin, asid ya cinye inda aka buɗe masa. Ta uku ita ce yanka, inda tsinin ƙarfe mai tauri yake shiga cikin wanda bai kai shi tauri ba, ya ɗago siririn zare daga jikinsa, ya bar rami. Maganar wannan babi ke nan.

Gane yankan hannu ba shi da wuya. Ɗauki zoben azurfa mai zane ka karkata shi ga haske. Layin da aka yanka yana da siffar harafin V, bangayensa biyu sumul suke, kuma in ka juya zoben sai ɗaya ya yi walƙiya ɗaya ya yi duhu. Yakan fara siriri, ya buɗe a tsakiya, ya ƙare siriri. Asid ba ya ba da wannan walƙiya domin yana barin ƙasan rami da kaushi, bugu kuma yana barin gefen layi a dunƙule.

Tsohuwar sana'a mai rassa da yawa

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata butar tagulla da aka ƙera a Mosul ta ƙasar Iraƙi a 1232, ɗauke da sunan maƙerinta, Shuja'u ɗan Man'a. An yanke jikinta an cusa azurfa da jan ƙarfe a cikin ramukan, sannan aka bi kan azurfar da tsini aka fitar da fuskoki da ninkin tufafi. A Jamus, wajen shekarun 1430, maƙeran zinariya suka fara cika ramukan zanensu da tawada suna danna takarda a kai, sai ga zanen ya fito a takarda. Daga nan buga hoto da farantin jan ƙarfe ya samo asali. Albrecht Dürer, wanda aka haifa a Nuremberg a 1471, ɗan maƙerin zinariya ne, kuma a gaban mahaifinsa ya fara riƙe kayan aiki kafin duniya ta san shi. Ko kaushin da yatsa ke ji a kan hoton da ke jikin takardar naira, asalinsa wannan dabara ce ta tawadar da ke kwance cikin rami. A yau garin Liège na Beljiyam da Gardone Val Trompia na Italiya sun yi suna wajen zane a jikin bindigogin farauta.

Mu ma ba baƙi ba ne. A Kano da sauran birane an daɗe da raba maƙeran baƙi, masu garma da gatari, da maƙeran fari, masu zobe da munduwa da kayan doki. Maƙeran Buzaye na Agadas sukan zuba azurfa a gurbin kaki su fitar da shahararrun gicciyen nan 21 masu sunayen garuruwa da yankuna, su gyara da magagari, sannan su yi musu zane da hannu. Da yawa daga azurfar da aka yi aiki da ita a da, daga narkakken kuɗin Mariya Tareza ta fito, wanda tun daga 1780 kowane ɗaya ke ɗauke da wannan shekarar ko da yaushe aka buga shi. Abin lura shi ne, daga Mosul har Agadas, kayan aikin ba su wuce abin da zai shiga ƙaramar jaka ba. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo yana bakin tsini ne da kuma hannun da ke tura shi.

Alƙalamin kansa

Alƙalamin ƙarfe sanda ce siririya mai kusurwa huɗu, kaurinta milimita 2 zuwa 3, an kafa ta a gajeriyar ƙota ta itace mai dunƙulallen kai, an shafe gefe ɗaya na ƙotar don kada ta taɓa aiki idan an kwantar da hannu. Ƙotar tana zama cikin tafin hannu, babban yatsa ya miƙe a gefen sandar. Tsawon da ya dace shi ne tsinin ya ɗan leƙo gaban babban yatsa. In ya fi haka, hannu ba zai mallake shi ba, don haka sabon alƙalami kusan kullum sai an rage masa tsawo daga gindi kafin a sa masa ƙota.

Bakuna suna da yawa, amma uku sun ishi mai farawa. Mai kusurwa, wanda bakinsa yake digiri 90, shi ne na yawancin layuka da haruffa, kuma da shi ake koyo. Mai faɗi yana share fili yana kuma yin yankan walƙiya a gefen zane. Mai zagaye yana fitar da ɗigo da rami mai santsin ƙasa. Akwai mai digiri 120 wanda ke ba da layi mai faɗi da haske, da mai haƙora jere da ke jan layuka da yawa a tafi ɗaya, amma waɗannan sai hannu ya faɗa.

Ƙarfen da ake yin su da shi iri uku ne. Na gargajiya yana ɗaukar kaifi da sauri, amma zafi kaɗan yana kashe taurinsa. Irin wanda ake yin bakin injin huda da shi yana jure zafi, kuma shi ya fi dacewa da ɗalibi. Na uku, kabayid, ya fi su tauri nesa, sai dai yana da saurin ɓallewa, kuma ba ya wasuwa sai da dutsen lu'ulu'u.

Wanda bai sami na kanti ba, maƙera tana kusa. Tsohon ƙaramin magagari ko guntun sifirin yana yi. A gasa shi ya yi ja, a binne cikin toka ya huce a hankali don ya yi laushi, a gurza shi zuwa siffar da ake so. Sai a sake gasa bakin ya yi ja sosai a tsoma cikin mai. A wannan hali ya yi tauri fiye da kima, bugu ɗaya zai karya shi. Don haka a goge shi ya yi fari, a ɗumama shi daga baya a hankali ana kallon launi yana tafiya zuwa tsini. Da zarar bakin ya yi launin busasshiyar ciyawa, wato wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, sai a tsoma shi a ruwa. In aka bari ya kai shuɗi, ya yi laushi, sai an sake daga farko. Wannan shuɗin shi ne kuma abin tsoro a bakin injin washi: a riƙa gurzawa kaɗan-kaɗan ana tsomawa a ruwa.

Washi shi ne gindin aikin

Yawancin waɗanda suka fara wannan sana'a suka watsar, ba rashin baiwa ya kore su ba, dakusasshen baki ne. Alƙalamin da ba a wasa daidai ba ko dai ya nutse cikin ƙarfe ya ƙi tafiya, ko ya zame ya ja tabo a tsakiyar aiki. Mai shi ya ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa, ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau.

Wuri biyu ake wasawa. Na farko shi ne fuska, wato gangaren da ke gaban tsini. Ana kwantar da ita digiri 45 don jan ƙarfe da tagulla da azurfa. In ƙarfen aikin mai tauri ne a ɗaga ta zuwa 50 ko 55 don tsinin ya sami ƙwari. Dole fuskar ta zama shimfiɗa ɗaya tak. In hannu ya yi rawa a kan dutse ta fito da doro, kaifi ya tafi. Kuma a rage girmanta ta hanyar gurje saman sandar, domin ƙaramar fuska ta fi saurin wasuwa, ba ta kuma tare wa ido layi.

Na biyu shi ne dunduniya, kuma ita ce sirrin da ido ba ya gani da sauri. A ƙarƙashin tsinin, a kowane ɓangare na kusurwar, ana ɗan shafar ƙarfen a kan dutse bayan an ɗaga ƙota kamar digiri 15. Shafa biyu ko uku ta isa. Tsawon wurin kada ya wuce rabin milimita. Amfaninta biyu ne. Tana ba hannu damar ɗagawa daga kan aiki yadda yatsu ba za su goge shi ba, kuma a kanta alƙalamin yake hawa yana tafiya a zurfi ɗaya. In babu ita, tsini ƙasa kawai ya sani. In ta yi tsawo, za ta riƙa karce bayan layi a duk lanƙwasa. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, alƙalamin zai riƙa janyewa gefe, kana nufin gabas yana nufin kudu.

Dutse biyu ake bukata, mai ɗan kaushi na fitar da siffa da mai laushi na gamawa. An san dutsen Arkansas na Amurka a wannan aiki, yanzu kuma akwai faranti mai garin lu'ulu'u da na tangaran. In babu, samfefa mai lamba 600 da 1200 da 2000 a manne a kan gilashi mai kauri tana yin aikin. Akwai maƙalin da ke riƙe alƙalami a kusurwar da aka zaɓa, kuma ba abin kunya ba ne ɗalibi ya yi amfani da shi. Ko guntun katako da kafinta ya yanke a digiri 45 yana taimakon hannu ya saba. Bayan washi a soka tsinin cikin katako mai tauri don ya kakkaɓe ɓurɓushin da ke baki. Gwajin kuwa a farce ake yi: ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa a karkace, ba tare da dannawa ba. In ya kama, ya yi. In ya zame, koma kan dutse. A tsakiyar aiki ma, duk lokacin da alƙalami ya zame ba dalili, kada ka zargi hannunka tukuna, duba tsinin da gilashin ƙara girma. Sau da yawa za ka tarar ya ɗan ɓalle.

Abin da ke riƙe aiki

Masu sana'ar suna da dunƙulen ƙarfe mai siffar ƙwallo, da muƙamuƙi biyu a sama masu matse aiki. Yana zaune a kan zoben fata ko roba, samansa yana juyawa, gaba ɗayansa yana karkata duk inda ake so, kuma manyansu sukan haura kilo 8 don kada su motsa. Yana da tsada, amma ba dole ba ne a farko. Tun kafin a ƙirƙiro shi, matashin fata zagayayye cike da yashi ake amfani da shi, wanda kowane baduku zai iya ɗinkawa. A manne farantin gwaji a kan guntun katako da ƙaro ko narkakken gam, a ɗora katakon a kan matashin, hannun hagu ya riƙa juya shi. Sai wurin zama da zai kawo aikin kusa da ƙirji, da haske daga gefe, da gilashin ƙara girma na ɗaurawa a goshi. Na'urar hangen ƙananan abubuwa da manyan gwanaye ke aiki a ƙarƙashinta tana iya jira.

Farantin gwaji da ɗora zane

Jan ƙarfe ya fi komai daɗin koyo: yana da laushi, yana yankuwa sumul. Tagulla, wadda gaurayen jan ƙarfe ne da zinki, ta ɗan fi shi gardama. Baƙin ƙarfe marar tauri shi ne mataki na gaba. A wurin 'yan gwangwan da masu aikin ƙarfe ana samun guntaye masu kaurin milimita 1 zuwa 2, a yanka su kamar santimita 5 kowane gefe. A guji ƙarfen da ba ya tsatsa, da duk abin da aka yi wa rufin wani ƙarfe a sama, domin suna karya tsini suna karya zuciya. A goge farantin da samfefa har tabo ya ɓace, saboda duk karcen da aka bari zai yi gogayya da zanen.

Fensir ba ya kama ƙarfe mai sheƙi, don haka a dangwala masa kakin zuma da aka haɗa da ɗan kitse, a barbaɗa garin alli, a yi zane a kai. In zanen ya yi, a bi shi da tsinken ƙarfe a hankali don kada hannu ya share shi. Kamfas mai tsini biyu yana jan layin gefe da raba tazara. Masu kwamfuta sukan buga zanen a juye da firinta mai garin tawada, su kifa takardar a kan ƙarfen su shafa asiton a bayanta, tawadar ta koma jikin farantin. Asiton yana kama wuta, a yi nesa da murhu. Wanda zai yanka hatimi kuwa ya tuna cewa rubutun a juye ake yin sa, don ya fito daidai a takarda.

Duk da haka, babu dabarar da za ta maye gurbin takarda da fensir. Hannun da bai iya zana reshe mai lanƙwasa a takarda ba, ba zai iya yanka shi a ƙarfe ba. Rabin lokacin koyo a takarda ya kamata ya tafi.

Yankan farko

Dangwala tsinin a audugar da aka jiƙa da man keke. Ɗora shi a farkon layi, ɗaga ƙota har ya ciji ƙarfen, sannan ka sauke hannu kaɗan ka tura da tafin hannu, ba da yatsu ba. In komai ya daidaita za ka ga zare mai sheƙi yana fitowa gaban tsinin yana naɗe kansa, kuma kaurin wannan zare shi ne ma'auninka: in yana ƙaruwa kana nutsewa, in yana sirancewa kana shirin zamewa. A ƙarshen layi sauke ƙota, ka ɗan fizgo tsinin sama, zaren ya ɓalle. Hannun da ke riƙe aiki kullum ya kasance ƙasa da hanyar tsini. Alƙalamin da ya zame ba ya tambayar abin da ke gabansa.

Cika faranti da miƙaƙƙun layuka jere, zurfi ɗaya, tazara ɗaya. Sai ka koma lanƙwasa, inda babbar ƙa'idar sana'ar take: alƙalami ba ya zagayawa, aikin ne ke juyawa ya shigo masa. Dubi tela a kan keke. Allura tana nan inda take, yadin yake juyawa. Mai aiki da hannun dama yakan juya farantin ta yadda hannun agogo ke tafiya, layin kuma ya lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren. Bayan da'ira ta zauna, koyi kwantar da alƙalamin gefe a tsakiyar tafiya: bango ɗaya na ramin zai faɗaɗa, layin ya yi ciki sannan ya koma siriri. Da wannan ake fitar da ganye, da kauri da sirantakar haruffan Larabci. Inuwa kuma da ƙananan layuka ake yin ta, suna farawa ba a ganinsu, suna ƙara zurfi suna matsowa kusa da juna inda ake son duhu. Akwai wani yanka mai sauƙi da ake yi da mai faɗin baki, a tsayar da shi a riƙa jujjuya wuyan hannu dama da hagu yana tafiya gaba, ya bar layi mai zigizag. Yana ƙawata gefen munduwa, yana kuma ƙarfafa gwiwar ɗalibi domin yana samuwa da wuri.

Ƙaramin karce ana iya danne shi da sandar ƙarfe mai santsi a lallashe shi har ya rufe. Babban kuskure kuwa sai dai a sauya zanen ya haɗiye shi, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Guduma da injin iska

A kan ƙarfe mai tauri tafin hannu ba ya isa, sai a sa alƙalamin a doguwar ƙota a riƙa bugun ta da ƙaramar guduma mai faɗin fuska, bugu ƙanana masu sauri. Da yake hannu biyu duk suna aiki, maƙeran bindiga na Turai sukan yi shi a tsaye, suna zagaya aikin da ƙafa. A shekarun 1960, a Amurka, John Rohner da Don Glaser suka fito da injin da ke sa iska ta riƙa bugun alƙalamin daga cikin ƙota. Kamfanin GRS da ke Emporia a jihar Kansas daga nan ya taso, kuma Steve Lindsay na jihar Nebraska ya yi nasa samfurin daga baya. Injin yana rage zamewa, yana gajarta lokacin koyo, kuma aikin da aka yi da shi aikin hannu ne, domin hannu ke jan ragamar tsinin. Amma yana bukatar wutar lantarki da tukunyar iska da kuɗi masu kauri, kuma ba ya wasa baki, ba ya zana reshe. Wanda ya saye shi bai iya waɗannan biyun ba, saurin ɓata faranti kawai ya saya.

Yaushe za a taɓa kayan mutane?

Kada ka jefar da farantin gwaji ko ɗaya. Rubuta kwanan wata a bayansa. In kana son ganin aikinka yadda yake ba tare da ruɗin walƙiya ba, riƙe farantin a saman harshen kyandir ya yi baƙi da hayaƙi, bari ya huce, manna salatif a kai, ka ɗaga ka liƙa a farar takarda. Layukan za su fito fari a cikin baƙi, duk rawar hannu da rashin daidaiton tazara a fili. Kai wannan takarda wurin wanda ya riga ka, ko maƙerin fari na unguwa ko wani gwani da ka samu, ka ce: "Baba, a duba mini." Abin da zai nuna maka da yatsa cikin minti ɗaya, kai kaɗai sai ka yi watanni ba ka gano shi ba.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma a nan haƙurin yana da dalili na zahiri. Zoben da za a kawo maka wataƙila na gado ne, takobin wataƙila na kakan mai shi ne, kuma babu na biyunsu. Ƙa'idar da ta dace ita ce: duk zanen da za ka yi a kan kayan wani, ka fara yanka shi a jan ƙarfe, da girmansa da siffarsa, har ya fito ba tangarɗa sau da yawa a jere. In ya fito, ka wasa alƙalami sabo, ka karɓi aikin. In bai fito ba, ka gaya wa mai kaya gaskiya, ka nuna masa wanda ya iya. Babi na gaba zai shiga tsarin zanen kansa: yadda ake raba fili, da yadda reshe ke fita daga reshe.